Jar Akuyar da Ta Riƙe Gidanmu

Kwanakin baya jikana ya ɗauke ni a babur ya kai ni inda ake buɗe wa tsofaffi da zawarawa asusun banki, don an ce tallafin marasa ƙarfi ba za a ƙara miƙa shi hannu da hannu ba, sai ta kati. Mun tarar da mata cike da rumfa, wasu daga Jangebe, wasu daga ƙauyukan Bakura, kowa ta yi tagumi tana jiran a kira ta. Da layi ya zo kaina, yaron da ke riƙe da na'urar ya gaishe ni da ladabi, ya kama yatsana ya ɗora a kan gilashi. Ya goge gilashin ya sake ɗorawa. Ya sa na jiƙa yatsan da ruwa, ya gwada na hagu. Can ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, zanen yatsunki ya goge, na'ura ba ta ɗauka. Sai dai ki dawo wani zuwan." Ban ga laifinsa ba. Dutsen niƙa da taɓarya da ruwan kanwa ne suka cinye zanen. A hanyarmu ta komawa muka bi ta bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, warin awaki ya buge ni, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Jikana ya ɗauka katin nake yi wa kuka.

Mu a gidan fawa aka haife mu, a nan Mafara, tun ba a yi dam ɗin Bakolori ba, tun garin bai wuce inda in an yi kiran salla a masallacin Juma'a kowa zai ji ba. Abin da ke tashe mu da safe shi ne amon turame daga gida zuwa gida, sai kukan jakunan masu itace. Ran kasuwa kuwa kalangu ne, makaɗan mahauta suna zuga su tun hantsi, ungulaye sun jeru a kan rumfar mahauta suna jiran rabonsu. Baba mahauci ne, amma ba shi da jarin kansa. Dabbobin wasu yake yankawa ya feɗe, a sallame shi da kai da ƙafa da ɗan kayan ciki. Inna ta babbake su, ta kankare, ta dafa da yaji da daddawa, ni kuma in ɗauka a kai in zaga unguwa kafin magariba. Da wannan muke sayen hatsi. Talakawa ne mu, yanzu na san haka, amma a lokacin ba mu kiran kanmu da wannan suna, don duk wanda ka duba a unguwar kusan haka yake.

Banki kuwa labarinsa kawai muke ji, ana cewa akwai shi a birni, na manyan 'yan kasuwar gyaɗa da auduga. Ajiyar Inna a ido take: tasoshin jerenta a bango, kajinta a tsakar gida, da adashin da suke yi da matan unguwa. Takan ce in ta riƙe kuɗi ba sa kai Juma'a, amma kaza tana kai salla. In ciwo ya zo a kama zakara, in biki ya zo a sauke tasa. Babu wanda ke tambayarka shaida, don wanda za ka je wurinsa ya san uwarka ya san ubanka, ya san ko kana cika magana.

Akwai wata Bafulatana daga rugagen wajen Damaga, ta ƙasar Maradun, da ke kawo nono da man shanu kasuwar Talata. Doguwa ce, siririya, furfura ta fara fito mata. Tafiyar da nisa, don haka a gidanmu take sauka. Inna takan ajiye mata ruwan randa mai sanyi da tabarmar salla, ta adana mata ƙoren da ta gama da su, in yamma ta yi mata kuma ta kwana a ɗakinmu. Ba su haɗa dangi ba, ban ma san yadda aka yi suka saba ba. Inna tana ce mata Adda, mu yara muna ce mata Gwaggo. Hausarta a karye take, in ta yi magana mukan ɓoye fuska mu yi dariya, ita ma ta taya mu. Kullum in za ta tafi sai ta bar mana ragowar nono a ƙasan ƙwarya.

Wata shekara da bazara wuƙa ta yanki Baba a tafin hannun dama yana fiɗa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, don mahauci ba ya ɗaukar yanka a bakin komai. Hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Wanzami ya zo ya tsaga, aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Allah ya sa ya tashi, amma yatsun sun ƙage, ba sa riƙe wuƙa. Abokan sana'arsa sun yi kara, suna aiko mana da ɗan abin miya, sai dai su ma masu nema ne, aiken ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Kajin Inna suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Tasoshin suka bi su, har bangon ɗakinta ya zama fili, sai shacin inda suka zauna. Ta fita daga adashi, don ba ta da abin zubi. Baba ya koma zaman zaure, yana juya hannun yana kallo. In ya ji kalangu ran kasuwa sai ya tashi ya shige ɗaki.

Gwaggo ta zo wata Talata ta sauke ƙwaryarta, aka yi doguwar gaisuwa kamar kullum, gida da yara da shanu da gajiyar hanya. Inna tana amsa lahiya lau. Gwaggo ta dubi bango, ta dubi murhu, ta dubi ƙanena da ake goyo, wanda wuyansa ya yi siriri saboda nonon Inna ya ragu. Ran nan rabin ƙwarya ta bar mana, ta ce wai kasuwa ce ba ta yi ba.

Da Talata ta zagayo sai ga ta da ƙwarya a kai, da igiya a hannu, tana jaye da jar akuya mai sheƙi, irin jajayen nan na ƙasarmu. Ta nemi turke ta ɗaure ta da kanta, sannan ta ce a kira maigida. Baba ya fito ya tsuguna daga nesa, hannun a cikin riga.

Ta ce, "Malam, wagga ba kyauta ba ce, ba kuma sadaka ba. Mu habbanaye muke ce mata. Akuyata ce, na ba ku riƙo. Tana da ƙaramin ciki. Abin da ta haihwa naku ne, nono naku ne. In ta yaye ta sake haihuwa ta yaye, ku maido mini uwar."

Baba ya ɗago kai. Ya ce, "Adda, kin san ko gidan wa kika kawo dabba? Gidan mahauci ne, kuma gidan yunwa. In ta mutu fa? In ta ɓata?"

Ta ce, "In ta mutu, Mai ita ya karɓa. Ni dai na san inda nika shan ruwa."

Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba a kira shaidu ba, ba a je gaban mai unguwa ba. Ta sha ruwanta ta wuce kasuwa.

Aikin akuyar a kaina ya faɗa, kuma ban taɓa son wani aiki kamarsa ba. Da safe in kai ta bayan gari tare da 'yan matan unguwa, in tsinto mata 'ya'yan gawo a zanena, in bi gidajen da ake surfe in roƙo ƙasari da 'yar dusa. A lokacin yarinya tana iya nisa da gari ita kaɗai, ba abin tsoro sai ƙaya da maciji. Akuyar ta san muryata. In na dawo daga rijiya tun ina zaure take kuka. Nakan kwantar da kaina a jikinta in ji ɗumi, in manta cikina babu komai.

Sai damina ta sauka da ƙarfi. Gulbi ya cika, hanyar Maradun ta yanke, Gwaggo ta daina zuwa. Wanda bai taɓa zama a ƙauye ko ƙaramin gari ba, ba zai san yunwar tsakiyar damina ba: gonaki kore shar, gero ya yi tsayi amma bai nuna ba, rumbuna kuwa sun ƙare. Muka koma tafasa da rama da yaɗiya, Inna ta dafa ta barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Wata rana sai ta ɗora tukunyar ruwa kawai, don maƙwabta su ga hayaƙi.

A cikin wannan hali ne ƙanin Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya shigo wata safiyar kasuwa da wuƙarsa a kube. Shi ma mahauci ne, mutumin kirki, yana da iyali da yawa. Ina zaune kusa da turke na ji duk abin da suka faɗa.

Ya ce, "Yaya, ka dubi ɗiyanka. Ga jari ɗaure a turke kuna kwana da yunwa. Ni in yanka in feɗe, kai ka zauna ka sayar, hannu guda ya isa. Abin da anka samu a sayi wata a yanka, haka-haka har ka miƙe. Kahin gulbi ya janye mun sayi wata ja mun ɗaure a nan. Wa ya ci amanar wa?"

Maganarsa ba ta wauta ba ce, har yau ina faɗa. Inna tana bakin murhu ta juya baya, don ba ta sa baki a maganar maza, amma na ga muciyar hannunta ta tsaya. Baba ya tashi a hankali ya nufo turke. Na rungume wuyan akuyar. Ya ce, "Ke, matsa." Na matsa ina kuka. Ya tsuguna ya shafa bayanta da hannun hagu, ya matsa ƙirjinta da cinyarta kamar yadda suke yi a kara in suna auna nama. Sannan ya kai hannu ƙasan cikinta ya bar shi a nan. Ya daɗe haka. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Suna motsi. Ba guda ba ne."

Baba Ƙarami ya ce, "Yaya, lalura ce."

Baba ya ce, "Awo, na sani. Amma tun da Tsohonmu ya ba ni wuƙa ban taɓa yanka mai ciki ina sane ba. Kuma matar ga, duk garin nan da 'yan'uwana da abokaina, ita kaɗai ta dube ni ta ga mutumin da za a ba riƙo. In na yanka wagga, ko na ɗaure mata goma a nan, ni na san abin da na yi. Mai da wuƙarka."

Baba Ƙarami ya fita ransa a ɓace. Da la'asar sai ga matarsa da kwanon dawa a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye ta fita ba ta ko zauna ba. Ran nan ne kuma na ga Baba ya ɗauki lauje da hannun hagu ya fita yankan ciyawa. Tun da ya kwanta ciwo, wannan ne karo na farko da ya wuce ƙofar zaure da niyyar aiki. Ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, duk ya yayyanke ƙafa, amma washegari ya sake fita. A hankali hannun hagun ya koyi aiki. Yana kawo wa akuya, yana sayar da ragowar ga masu dawaki da jakuna.

Ba zan ce wahalar ta ƙare nan take ba. Mun sha ta har gero ya nuna aka fara tumu. Ana cikin girbin wake akuyar ta haihu da hantsi, tagwaye, mace da namiji, jajaye kamar uwarsu. Inna da ba ta cika fara'a ba ta yi guɗa, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko wani ne ya zo. Nonon ya ishi 'ya'yan har muka samu na damawa ƙanena kunu, wuyansa ya cika, ya fara tafiya yana bin 'yan awakin yana faɗuwa. Da bunsurun ya girma Baba da kansa ya kai shi kara. Da abin da aka samu ya gina tukuba a bakin hanya ya fara tsire. Baba Ƙarami ne ke yanka masa naman ya tsittsire, shi kuma yana juyawa da hannun hagu yana barbaɗa ƙuli. Da wannan tukubar ya ciyar da mu har ƙarshen ransa. Macen kuwa muka bar ta, ita ce ta zama uwar garkenmu.

Da uwar ta sake haihuwa ta yaye, Inna ta ce lokaci ya yi. Gwaggo ba ta taɓa tambaya ba, tana zuwa kasuwa tana ganin akuyarta a turke, sai dai ta shafa kanta ta wuce. Inna ta ce ba za a miƙa mata igiya a tsakar gidanmu ba, mu za mu kai har ruga. Muka yi sammako da rani, ni ina jan akuya, Inna ɗauke da goro da kanwa da kilishin da Baba ya sa aka yi musamman. Muka tsallake gulbi ruwa iya ƙauri. Duk hanya ina kuka a ɓoye, don ni a wurina rabuwa ce. Inna kuwa ta ɗaura zanenta na salla, tana tafiya kai a miƙe, duk wanda muka gamu da shi ya tambaya ina zuwa, sai ta ce, "Riƙo za mu mayar."

A rugar aka shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, aka dama mana fura da nono mai kauri, da mai yana yawo a sama. Gwaggo ta kira matan rugar duka. Ta zaga akuyar, ta duba haƙoranta, ta ɗaga ƙafafunta, ta yi magana da Fulatanci suka yi ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo ta ce wa Inna, "Ta hi yadda na ba ki ƙiba." Bayan an ci an sha ta jawo Inna gefe ta ce tana da buƙata: za ta aurar da ɗiyarta bayan damina, tana so ta riƙa sayen kayan ɗaki kaɗan-kaɗan tana ajiyewa a wurinta, don ruga ba wurin ajiya ba ce. Na ga Inna ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin mayafi. Sai da na girma na gane dalili. Ta je a matsayin wadda aka taimaka, ta dawo a matsayin wadda ake nema.

Jikokin wannan akuya sun bi ni gidan miji. Da su na yi wa 'ya'yana suna, da su na kai wasu makaranta, da su na yi jinyar maigidana. Ni ma na ba wasu mata riƙo, wasu sun mayar, wata ta ce kura ta ci, ban bi ba'asi ba. Har zamani ya juya. Daji ya zama abin tsoro, ba mai tura yarinya bayan gari. Ɓarayin daji suka kore garken unguwarmu da rana tsaka, nawa suna ciki. 'Yan da suka rage a gida harawa ta fi ƙarfina, na sayar. Mai sayen ya ce ba ya yawo da kuɗi, sai dai taransifa, aka tura wayar jikana. Yanzu in ina son sabulu ko maganin ƙafa sai na jira ya dawo, ya je wurin masu cire kuɗi a bakin titi, a yanki ladansu, wata rana ya dawo ya ce babu sabis. Yaron kirki ne, bai taɓa taɓa mini ko sisi ba. Amma abin da nake da shi ba na ganinsa, ba na jin kukansa, ba zan iya kama igiyarsa in kai gidan wata in ce riƙe mini ba. Matan da suka gudo daga ƙauyuka suka cika kangayen bayan gidanmu, ina ganinsu suna wankau da surfe. Da yawa a cikinsu masu riƙon amana ne, ido na nunawa. Ba su da kati, ba su da waya, ba su da wanda ya san iyayensu a garin nan. Bakolori ta kawo shinkafa da albasa da alkama, gari ya faɗaɗa, gidajen bulo sun yi yawa, ban musa ba. Sai dai wanda ba shi da komai a yau, ban san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Gwaggo ta daina zuwa kasuwa tun ina goyon fari. Aka ce ƙafa ce ta hana ta, daga baya aka ce ta rasu. Bara na roƙi jikana ya kai ni wajen Damaga, ko zan samu wani daga zuriyarta in gaishe shi, in gaya masa abin da kakarsa ta yi. Ya yi tambaya a tasha ya dawo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Kaka, direbobi sun ce rugagen wajen sun watse tuni, ba kowa. Amma faɗa mini sunanta da na mijinta, in sa a cigita."

Shekara da shekaru tana kwana a ɗakinmu, ta tsamo mu daga yunwa, ashe ban taɓa sanin sunanta ba. Inna da za ta iya sani tana ƙasa. Don haka in na idar da salla ina jera iyayena da suna, in na zo kanta sai in ce, "Ya Allah, da baiwarka mai nono ta wajen Damaga. Ni ban san sunanta ba, amma Kai ka sani."